Kilo Hamsin da Bakwai

Jama'a, ku gyara zama. Baiwar Allahn da ta rubuto mini makon jiya cewa "Kerra, ki daina yanga ki auri likitan nan tun bai sake shawara ba," ina fata kina kusa, don yau da ke nake. Sababbin zuwa kuma, sunana Kerra Penhale, shekarata ashirin da shida, ina aiki a kantin magani ɗaya tilo da ke garinmu na bakin teku a Cornwall, can ƙasar Ingila. Babana Denzil gyaran ƙananan jiragen ruwa ne sana'arsa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Wata takwas ke nan wani likitan haƙori mai suna Piran yana nemana, kuma tun kafin a fara zagina bari in faɗa da bakina: ina sonsa. Irin son nan da ke sa mutum ya karanta saƙo sau huɗu yana neman abin da ba a rubuta ba.

Ranar Juma'a da yamma saƙonsa ya shigo:

"Gobe ƙarfe tara zan zo mu je gonar Hocking. Akwai jiragen tsere biyu na hannu, irin na mutum biyu, ina son ki gani kafin in saya. Har yanzu 57 kike?"

Kilo yake nufi. Kusan duk wata sai ya tambaye ni nauyina, ni kuma shashasha ina ɗauka kulawa ce irin ta likita. Na tura masa "Eh" da hoton zuciya har biyu. Babban kuskurena shi ne a kicin na karanta saƙon, kuma da ƙarfi.

Goggo Bersaba, yayar Baba da ta zo mana hutun mako biyu shekara shida da suka wuce, ta dire butar shayi a kan tebur har murfin ya yi tsalle.

"Jirgin mutum biyu?"

"Haka ya ce, Goggo."

"Shi ke nan! Magana ta ƙare. Jenna, fito da garin kek."

Mama, wato Jenna, ta goge hannu da tawul tana kallona kamar yau aka haife ni. Dole in yi muku bayani kaɗan, don na san wasunku za su ce mene ne abin kek a sayen jirgi. A garinmu namiji ba ya ɗaukar mace zuwa duba jirgin mutum biyu sai zobe yana aljihunsa. Haka Baba ya yi wa Mama, haka marigayi mijin Goggo ya yi mata. Namiji a baya riƙe da sandar tuƙi yana ba da umarni, mace a gaba tana jan igiyar ƙaramin ƙyalle, irin wanda iska ke bugawa ta tura jirgin, tana sako jikinta waje don kada iska ta kifar da su, igiyar ruwa ta farko kuma a fuskarta take fashewa. Ni tun ina shekara tara nake wannan aikin a gaban Baba. Shekara goma sha biyar ina kallon teku ta gaba, ana yi mini tsawa ta baya.

In kuma mace ta haihu, sai a yi mata ƙarin girma zuwa amalanke. Jirgi a kan amalanke ake gangarar da shi zuwa ruwa, to dole wani ya shiga har cinya ya zare amalanken, ya ja shi ya hau gangaren, ya tsaya a cikin iska har a gama tsere, sannan ya sake gangarowa da shi. A kulob ɗinmu, tun da aka kafa shi, ba a taɓa ganin namiji a wannan layi ba. Mama ta yi shekara ashirin da huɗu a ciki, duk hunturu yatsun ƙafarta kumbura suke yi su yi ja. Dogon takalminta na roba yana nan rataye a bayan ƙofar kicin, kuma Goggo ta sha nuna mini shi tana cewa, "Naki ne watarana," kamar sarƙar zinariya za a bar mini.

Baba yana kujerarsa kusa da murhu, ƙafa a kan matashi, bai ɗago daga jarida ba. Abin da ya ce kawai, "Ki tafi da kwabo a aljihu."

Da safe Goggo ta tsaya a kaina sai da na sa rigar sanyi mai ruwan ƙwai da ta saƙa mini, mai wuyan nan da ke cizo, da ɗan kunnen lu'ulu'un Mama, da jan baki. Gonar shanu za mu je fa. Da na ɗauko takalmin roba ta fizge shi ta miƙo mini na fata mai ɗan tsini.

"Goggo, kashin shanu ne a wurin."

"Zobe ba ya zuwa wa mace tana sanye da takalmin kamun kifi. In ya durƙusa, abin da zai fara gani ke nan."

Piran ya iso tara saura minti biyu, don shi tara daidai latti ce. Rigar ruwa shuɗiya sabuwa fil, gashi a kwance, yana ƙanshin man goge baki. Ya gaishe da Baba da girmamawa, ya yaba wa Mama labule, ya bar Goggo ta sumbace shi a kumatu. Ni kuwa zuciyata sai tsalle take kamar ɗan akuya. Aljihun ƙirjinsa ya ɗan tasa, na gani, Goggo ma ta gani, har ta tsungule ni a baya.

Mun fita gari ke nan ya miƙo mini wayarsa.

"Buɗe takardar da na rubuta 'Jirgi.' Karanta mini layin sama-sama, ina son in sake jin su kafin mu isa."

Takarda ce mai layi-layi irin ta asibiti. Farin jirgi a hagu, jan jirgi a dama. Tsawo, faɗi, nauyin gangar jiki, girman ƙyalle, shekarar ƙira. Ina karantawa yana gyaɗa kai. Farin na faiba ne, wato irin robar nan mai tauri, siriri, mara nauyi, ƙyallensa madaidaici, mutum biyun da ke ciki kada su wuce kilo ɗari da talatin da bakwai. Jan na katako ne, mai faɗin kafaɗa, ƙyallensa babba, shi sai an kai ɗari da arba'in da shida yake zama daidai a ruwa. Piran tamanin yake.

"Ya isa nan," ya ce.

Yatsana kuwa ya riga ya ja takardar sama. Ba da gangan ba, ko kuma da gangan, Allah ne masani. A ƙarƙashin farin jirgi ga abin da na gani: "Kerra. 57. Ta san ruwa. Tana jure sanyi. Gardama: da yawa." A ƙarƙashin jan jirgi: "Lowenna. 66. Hannu mai ƙarfi. Tana jin tsoron iska kaɗan. Gardama: babu."

Lowenna malamar firamare ce a garin da ke ƙetaren kogi, mai dariya da ƙarfi, wadda aka taɓa ce mini an gan su suna shan kofi na ce ƙaryar mahassada ce. Layin ƙarshe na takardar kalma ɗaya ce a tsakiya, tsakanin sunana da nata: "Zobe." A gabanta ya rubuta, "Bayan an zaɓi jirgi."

Na kife wayar a cinyata. Wuyan rigar Goggo ya ci gaba da cizona. Shi kuma bawan Allah yana ta tuƙinsa, har da ɗan fito, yana nuna mini tumaki. Wata takwas! Ashe duk "har yanzu 57 kike?" ɗin nan awon kaya ake yi mini.

"Kin yi shiru," ya ce.

"Tumakin nake ƙirgawa."

Mista Hocking tsohon manomi ne da ya gano ajiye wa mutane jirage a rumfar shanu ya fi nono riba. Duk wanda ya gaji da nasa sai ya bar masa ya sayar. Ya tarye mu da hular ulu da kare gurgu, ya kalli takalmina mai tsini yana nutsewa a taɓo, ya kalli jan bakina, ya yi murmushin wanda ya sha ganin irin wannan ziyara.

"Barka da zuwa, likita. Sannu 'yan mata. To, yau rumfata za ta sake ɗaura aure ke nan."

Ya yaye tamfol biyu. Gaskiya farin jirgin ya haɗu. Sumul, hanci kamar wuƙa, igiyoyi kala-kala a jere. Jan kuwa ya kwana biyu, katakonsa a jere ɗaya bisa ɗaya, man da aka shafa masa ya yi duhu kamar zuma. Piran ya zaro abin awo daga aljihun wando ya shiga wa'azi.

"Ka ga wannan, Mista Hocking, ƙasansa a baje yake ta baya. Iska na kaɗawa zai tashi ya hau saman ruwa. Wancan kuwa cikinsa zagaye ne, sai ya ture ruwa kafin ya wuce."

"Haka ne," in ji tsohon. "Sai dai ranar da iska ta mutu, mai zagayen cikin zai bi ta gefenka yana ɗaga maka hannu. Baje-bajen nan mannewa yake a ruwa kamar ƙosai a kasko."

"Amma katako wahala ne. Duk hunturu goge-goge da shafe-shafe."

"Katako in ya yi ciwo yana nuna maka. Faiba kuwa sai ya yi ta yi maka murmushi har ranar da ƙafarka za ta ɓulla ta ƙasa."

"A juyi fa? Siririn ya fi saurin juyawa."

"Ya fi saurin kifewa ma. Ya danganta da wadda ke gaba." Ya dube ni. "Kina ninƙaya, 'yan mata?"

"Tun kafin in iya tafiya."

Piran ya shafa gefen farin jirgin kamar wuyan doki. Idonsa ya gama zaɓe, kowa ya gani. Ya juyo yana murmushin nan nasa.

"Kerra, wannan kamar don ke aka ƙera shi."

Kun ji fa? Na ci. Jirgina ne ya yi nasara. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru, in gyara tsayuwa, in bar shi ya biya, ya durƙusa a cikin kashin shanu ya ga takalmin Goggo. Wallahi na so in yi shirun. Kada wadda ta rubuto mini cewa ita da tuni ta watsa masa wayar a fuska. Ba ki ga murmushin ba ne.

Sai hannuna ya shiga aljihu ya taɓo kwabon Baba.

Ba a sayen jirgin hannu a gidanmu sai an ƙwanƙwasa shi. Tun ina ƙarama Baba yake kama hannuna muna bin gangar jirgi da kwabo, taki ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen wuri yana amsawa ƙwas-ƙwas, wurin da ruwa ya shiga tsakanin fata da fata kuwa sai ya ce maka dum, kamar ka buga kabewa. Na ce a raina, bari in ƙwanƙwasa don al'ada kawai, ai ba abin da zan ji.

Na durƙusa. Hanci, ƙwas. Gefe, ƙwas-ƙwas. Na zo daidai inda mai zama a gaba take taka ƙafa, inda ni zan taka.

Dum.

Na matsa kaɗan. Dum. Na ƙara matsawa. Dum, dum, faɗin tire guda. Na zagaya baya na murɗe ɗan murfin da ke toshe ramin fitar ruwa, na ce wa Piran ya ɗaga hancin. Ya ɗaga yana nishi, abin da ya kamata yaro ya ɗaga da hannu ɗaya. Ruwa ya tsiyayo siriri. Na tara yatsa na kai baki. In ruwan sama ne da ya bi ta tamfol, salam za ka ji shi, ba komai. Wannan kuwa gishiri ne zalla. Jirgin da rabonsa da teku tun watan Oktoba, har yau Maris yana zubar da ruwan teku, ya sha ya ƙoshi ke nan.

Mista Hocking ya cire hularsa ya sosa kai.

"Ke 'yar wa ce?"

"'Yar Denzil Penhale."

"Tabɗi! Da kin faɗa tun a ƙofa ai da ban yaye wannan tamfol ɗin ba. Mai shi ya rantse mini lafiyarsa lau, ni kuma shanu na sani."

Piran yana kallona, yana kallon tsohon. "Mene ne? Me kika ji?"

Nan fa ake yinta. In na ce ba komai, zobe nawa ne, da jirgin da zai buɗe a ƙarƙashina a tsakiyar teku. In na faɗi gaskiya, saura jan jirgi, shi kuma jan jirgi kun san mai shi. Gishirin yana kan harshena, idona ya ciko, na tsani kaina saboda har a lokacin ina lissafin ko za a iya liƙe wurin a ɓoye. Amma ina son in san abu ɗaya, kuma ba wata hanyar sani sai wannan.

"Ya ruɓe, Piran. Ƙasansa ya rabu, ya sha ruwa. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa."

Ya durƙusa ya karɓi kwabon ya buga da kansa, kamar haƙori yake dubawa. Dum. Ya miƙe a hankali, ya juya ya kalli jan jirgin. Ni kuma ina kallon ƙeyarsa ina addu'a a zuci: ka ce mu tafi gida. Ka ce jirgi ya ci ƙaniyarsa, za mu nemi wani. Ka ce komai ma.

Na bi jan jirgin da kwabo don kada a ce na yi son kai. Daga hanci har wutsiya ƙwas-ƙwas, lafiya garau, munafuki.

Piran ya zaro wayarsa. A gabana ya buɗe takardar, leɓɓansa suna motsi. Can ya ɗago da fuskar wanda ya gano maganin wata babbar cuta.

"Kerra, ba matsala. Tara ne kawai."

"Tara me?"

"Kilo tara. Tseren farko sai bayan Ista, muna da mako biyar. In kin dage da dankali da man shanu, ko shida kika samu, sauran ukun sai ki sa rigar ruwa mai kauri. Akwai mai sayar da fasti a hanya, burodin nan mai nama da dankali a ciki, sai mu fara yau, in saya miki biyu."

Karen Mista Hocking ma sai da ya kwanta ya rufe ido.

Wata za ta ce ai ni ya zaɓa, ai bai kira Lowenna ba. Na gode. Buhun yashi ma in bai cika ba ƙara masa ake yi, ba a jefar da shi.

"In ban samu taran ba fa?" na tambaye shi. Muryata ta fito a sanyaye har ta ba ni mamaki. "Sai a koma layin dama? Hannu mai ƙarfi, gardama babu?"

Jinin fuskarsa ya tsere. Ya kalli wayar, ya kalle ni.

"Kin karanta ƙasan."

"Na karanta har zobe."

"Kerra, ba yadda kike tunani ba ne. Lissafi ne kawai. Mutum zai yi shekara talatin a jirgi ɗaya da mace, ai dole ya duba..."

"Ka duba. Allah ya ba da sa'a."

Na juya don kada ya ga hawayen, sai idona ya faɗa can ƙuryar rumfa, bayan tarin ciyawa. Wani ɗan koren jirgi ne a kife a kan tayoyi, kaji sun mai da shi wurin hira. Gajere, fenti ya koɗe, an taɓa liƙe masa hanci. Na ƙarasa da tsinin takalmina yana cakar taɓo, na kori kajin, na zaro kwabo. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Har ƙarshe bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba.

"Mista Hocking, wannan fa?"

"Wannan na mutum ɗaya ne, 'yan mata. Ƙyalle ɗaya, sanda ɗaya. Ba inda wani zai zauna ya ba ki umarni."

"Nauyi nawa yake so?"

"Bai taɓa tambaya ba. In iska ta yi yawa ki rage ƙyalle, in ta yi kaɗan ki yi haƙuri."

Fam ɗari takwas ya ce, da ƙyallensa da amalankensa. Akwai kuɗin da Goggo ta sa ni tarawa tun bara don rigar amarya. A tsaye a wurin na tura masa ta waya. Tsohon ya ce zai kai ni gida da jirgin a bayan motarsa, don yana son ya ga fuskar Denzil. Da muka fita daga gonar, Piran yana tsaye tsakanin fari da ja, abin awo yana lilo a hannunsa. Ban waiwaya ba sai sau uku.

Ƙarfe ɗaya muka iso. Tun daga kwana na hango Goggo a bakin ƙofa da hular zuwa coci, Mama a bayanta riƙe da kek a faranti. Suka ga motar shanu maimakon ta likita. Suka ga ɗan koren jirgi da kashin kaji a gadon bayansa. Goggo ta kama hannuna na hagu ta juya shi sama da ƙasa, kamar zoben zai iya ɓuya a tsakanin yatsu.

"Ina yake?"

"Wa, Goggo? Zoben ko mai zoben?"

"Kada ki yi mini rashin kunya! Me kika yi wa yaron nan? Likita guda! Wannan kwandon kajin kuma na waye?"

"Nawa ne. Rigar amarya ce, ta canza kala."

Ta dafe ƙirji ta nemi bango. Mama kuwa kek ɗin kawai take kallo. Ni kuwa duk bakin nan da nake yi, cikina kuka yake.

Sai ga ƙarar sandar Baba. Mutumin da sai an roƙe shi yake tashi daga gaban murhu, ya fito har titi da silifas. Ya yi wa Mista Hocking sannu da kai, ya miƙo mini tafin hannu. Na sa masa kwabon. Ya bi jirgin a hankali yana ɗingishi, yana bugawa, yana kasa kunne, mu duka muna tsaye kamar a kotu. Da ya gama ya leƙa ciki ya daɗe.

"Wurin mutum ɗaya," ya ce.

"Eh, Baba."

"Wa ya koya miki tuƙi?"

"Shekara goma sha biyar ina jin ka kana yi wa kanka faɗa a bayana. Ko kurma ce ni ai na iya."

Na zaci zai yi dariya ko ya yi tsawa. Sai ya sa hannu ya shafa sandar tuƙin, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban taɓa miƙa miki ita ba ko sau ɗaya, ko? Ko a ranar da ba iska." Ya juya kwabon a hannunsa ya mayar mini. "Jirgin lafiya lau yake. Kin iya saye."

Nan ne hawayen suka ƙwace mini, jan bakin Goggo da komai suka dame. Mama ta ajiye kek a kan katanga ta rungume ni, ta raɗa mini a kunne cewa ranar tsere ita za ta riƙe mini amalanke. Na ce mata a'a, yatsunta sun biya bashin da ba su ci ba, ni zan san yadda zan yi.

Muna cikin sauke jirgin wata mota ta tsaya a bayanmu. Ta Piran ce. Ƙugiyar bayanta ba komai, ba fari ba ja. Ya fito, sabuwar rigar ruwan ta yi taɓo har gwiwar hannu, gashin nan da ba ya motsi ya tashi tsaye. Goggo ta farfaɗo nan take ta gyara hula.

"Likita! Shigo, shigo, yarinta ce ke damunta, ga kek..."

Bai ko kalle ta ba. A bakin ƙofar shinge ya tsaya.

"Kerra, na zauna a mota na sake lissafin. Na sa Lowenna a jan jirgin, komai ya fita daidai, ko kilo ɗaya bai yi saura ba. Sai na kasa fitowa in saya. Awa guda ina zaune. Na goge takardar."

"Sannu da ƙoƙari. Akwai wata a kwamfutarka, na sani."

"Akwai. Ita ma zan goge."

Aljihun ƙirjinsa har yanzu a tashe yake. Na ga hannunsa ya nufi wurin, na ɗaga masa yatsa, ya mayar da hannun. Ya kalli ɗan koren jirgin, ya kalli amalanken da Mista Hocking ya jingine da katanga, mai tsatsa da taya ɗaya a sace.

"Jirginki ba wurina a ciki, na gani," ya ce. "Amma ranar tsere dole wani ya shiga ruwa ya zare miki wannan."

Goggo ta buɗe baki ta manta yadda ake rufewa.

"Likita," ta ce da ƙyar, "layin mata ne fa. Duk kulob za su yi maka dariya har ka mutu."

"Na sani, Goggo."

Mama ta juya ta shige gida. Da ta dawo, dogon takalmin roban nan na bayan ƙofa ne a hannunta. Ta wuce ni, ni da aka yi wa alkawarin gadonsa, ta je ta dire shi a gaban Piran.

"Ruwan Afrilu yana cizo," ta ce masa. "Ka sa safa biyu."

Duk suka juyo suna kallona, har karen Mista Hocking da ke cikin mota. Zuciyata tana cewa ki ruga ki faɗa jikinsa, gishirin da ke harshena yana cewa ki tsaya tukuna, ba a sayen na hannu sai an ƙwanƙwasa. Na share fuska da hannun rigar Goggo, na taka har inda yake, na zagaya shi sau ɗaya a hankali, ina dubansa tun daga gashi har takalmi. Gangaren kulob ɗinmu yana da santsi, amalanken kuma da jirgi a kansa ba wasa ba ne.

Na ciro kwabon Baba, na ɗan buga shi a ƙirjinsa, daidai kan aljihun nan.

"Likita," na ce, "har yanzu tamanin kake?"